Agwaluma za ta yi a ƙasar Kano kuwa? Shekara uku ina shukawa tana mutuwa

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da lambu a wajen Kura, bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Tiga. Mangwaro, gwaiba, lemun tsami da 'yar ayaba duk sun kama, alhamdu lillahi. Agwaluma ce ta gagare ni. Shekarar farko na shuka ƙwallo ya fi ashirin, ko ɗaya bai tsiro ba. Ta biyu guda huɗu suka fito, suka yi ganye shida-shida, hunturu na shigowa ganyen ya fara ƙonewa daga baki har suka bushe ƙarmas. Bara ma haka aka yi.

Abin da ya sa na nace: mahaifiyata a Shagamu aka haife ta, mahaifinta falken goro ne. Kullum labarinta wata ƙatuwar agwaluma da ke bayan gidansu, wadda suke fita tsinta da asuba. Yanzu ta manyanta, in na sayo mata ta kasuwa sai ta tsotsa ta ce ba irin waccan ba ce. Burina ta ga wannan bishiya tsaye a lambuna. Akwai wanda ya taɓa ganin ta yi 'ya'ya a nan Arewa?

Dan_Yanlemo:
Wa alaikumus salam. Malam, shekarata goma sha takwas ina sarin kayan marmari a Na'ibawa, ban taɓa sauke kwandon agwaluma da aka ce daga gonar Kano, Jigawa ko Katsina ya fito ba. Duk daga kurmi take zuwa: Edo, Ondo, Osun, sai kuma wadda ake ce wa 'yar Kwatano, ita ce mai zaƙi, ita ce kuma mai tsada. Tana fara shigowa cikin Disamba, ta yi yawa a Janairu da Fabrairu, zuwa Afrilu sai dai ɗaiɗai. Ban ce ba za ta yi ba, amma ido bai gani ba.

Ummu_Sadiq:
Allah ya saka da alheri da kake neman faranta wa Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya. Ni dai amsar ban sani ba, karatu na zo yi.

Malamin_Gandu:
Malam Manomi, aikina ke nan, renon itatuwa, bari in ɗan yi bayani. Matsala biyu ce ta same ka, kuma kowace da maganinta daban.

Ta shekarar farko, ina kyautata zaton ka wanke ƙwallon ka shanya, ka ajiye sai damina. Haka muke yi wa kuka da tsamiya da bagaruwa, su ko shekara suka yi a tulu za su tsiro. Itatuwan kurmi ba haka suke ba. Ƙwallon agwaluma in ya bushe sosai ya mutu, kamar dai goro da koko. A daji yana faɗowa ne cikin ruɓaɓɓen ganye mai laima, bai san shanya ba. Ka sha yau, ka wanke, ka shuka cikin 'yan kwanaki.

Ta biyu ita ce babba. Wannan bishiya ta dajin ruwa ce, daga Saliyo har zuwa Uganda ake samunta, kuma a daji tana kai mita 25 zuwa sama da 30. Tana ƙarama a inuwar manya take tasowa. A wajen Benin ta jihar Edo ruwan sama na kai wa milimita 2,000 a shekara, a Kano kuwa tsakanin 700 ne zuwa 1,000, shi ma cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba ya ɗauke. Za ka ce ai kana da kanal. Gaskiya ne, kanal ya shayar da saiwa, amma bai jiƙa iska ba. Iskar hunturu tana zuƙe ruwan ganye fiye da yadda 'yar saiwar za ta iya mayarwa, shi ya sa kake ganin ƙunar tana farawa daga bakin ganye.

Manomin_Kadawa:
Wallahi Malamin_Gandu kamar kana wurin. A kan kwanon ɗaki na shanya su har sati biyu, na ɗaure a leda sai watan Yuni. Allah ya ƙara ilimi. To ta biyun fa, akwai dabara?

Malamin_Gandu:
Akwai abin gwadawa, amma ban yi maka alkawari ba. Ka rene su a leda, ƙarƙashin rumfar zana, kada rana ta doke su kai tsaye. In za ka dasa, ka nemi tsakiyar ayabarka, inda ƙasa ba ta bushewa, ka kafa zana ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, ka lulluɓe gindin da busasshen ganye mai kauri. In ta tsallake hunturu uku ta yi ƙarfi. Rayuwa daban, haihuwa daban: tana iya tsayawa ta ƙi yin 'ya'ya, ko ta yi fure zafin bazara ya zubar.

Baban_Iro:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Allah ya ba kowace ƙasa nata. Mu ya ba mu kanya, ɗinya, magarya, kurna, taura, tsada, aduwa, goruba. Yau yaron birni ka nuna masa taura bai san ta ba. Muna yara a hanyar makarantar allo akwai kanya uku, duk an sare an yi gawayi. In da ruwa da ƙarfi, a maido da waɗannan mana tukuna.

Manomin_Kadawa:
Baba, maganarka dutse ce, kuma akwai ɗinya biyu da na tarar a lambun ban taɓa su ba. Wannan dai saboda tsohuwa ce.

Sabo_Shagamu:
Ɗan'uwa, da na ga ka ambaci Shagamu sai da na ajiye abin da nake yi. A nan aka haife ni, sana'ar goro muka gada. Abin da Hajiya ta faɗa maka gaskiya ne, kuma akwai dalili. Agwaluma ba a tsinkarta. Ita da kanta take faɗowa in ta nuna. Muna yara, tun kafin kiran assalatu ake tashin mu, mu ɗauki fitila da kwano mu nufi gindin bishiya. Kana tsaye a duhu sai ka ji tim! cikin ganye, kowa ya ruga wajen da ƙarar ta fito. Wadda ka ɗauka da sanyin raɓa a jikinta, ta ɗan tsage ta gefe saboda faɗuwa, farin danƙo na tsattsafowa. Ka murza ta tsakanin tafin hannu har ta yi laushi, ka matsa bakin, ƙwallayen su fito ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita Hajiya take tunawa.

Ta kasuwa kuwa, tafiyar Kano kwana biyu ce a mota. Wadda ta faɗo da kanta ba za ta kai ba, za ta ruɓe a hanya. Dole a hau a kaɗo ta da sanda tun da sauranta, ita kuma in an cire ta ɗanya launinta zai canja amma tsamin na nan. Yarbawa agbalumo suke ce mata, daga nan ne muka samo namu sunan. Yawancin bishiyoyin nan cikin gonakin koko da goro suke, manomi in zai share daji yakan bar ta tsaye, ta yi wa koko inuwa, rani kuma mata su tsinta su kai kasuwa.

Dan_Yanlemo:
Sabo_Shagamu ya faɗi gaskiya, ba zan ɓoye ba don ina sayarwa. Kwandon da muke buɗewa da safe, na sama lafiya, in ka kai tsakiya sai ka tarar da zafi kamar an dafa, waɗanda suka nuna sosai sun fashe sun ɓata na kusa da su. Wani lokaci kashi ɗaya cikin huɗu zubarwa muke yi. Shi ya sa masu lodi suke gwammace mai tauri.

Ga mai saye: ka duba wadda ta yi ruwan lemo sosai har ta ɗan ja, ba kore a wajen hancin. Ka latsa, ta ɗan ba da kai amma ba ta lotsa ba. In ka ga ɗan ƙaramin huji baƙi, ajiye ta, da tsutsa a ciki.

Maman_Ilham:
Ni kuma an ce min wadda cikinta ya yi ja ita ce mai zaƙi, mai farin ciki tsami. Haka ne?

Dan_Yanlemo:
Galibi haka ne Hajiya, amma ba kullum ba. Daga bishiya ne. Wata bishiyar ko ta nuna ta faɗo sai ta dasashe maka haƙora.

Aminu_Coal_Camp:
Na yi shekara tara a Inugu. Su udara suke ce mata, wasu udala. Abin da Sabo_Shagamu ya faɗa na rashin tsinka, a ƙauyukansu har ya zama doka ta al'ada: ba a hawa, ba a jifa, wadda ta faɗo ta wanda ya riga ɗauka ce, ko ɗan gidan wa ne. Wani maƙwabcina ya kai ni garinsu, na ga bishiyar a filin tsakiyar gari, an share gindinta tas, yara na zaune suna jira. Ganyen in iska ta juya shi sai ka ga bayansa fari-fari yana ƙyalli, daga nesa za ka gane ta.

Malamin_Gandu:
Wannan farin bayan ganye da Malam Aminu ya gani shi ne asalin sunanta a littattafan kimiyya, Chrysophyllum albidum, kalmar ta biyu fari-fari take nufi. Kuma ga abin da zai yi wa Baban_Iro daɗi: agwaluma da kaɗanya dangi ɗaya ne, Sapotaceae. Ku lura, duka biyun in ka yanke su farin danƙo ne ke fita, kuma ƙwallonsu ruwan ƙasa ne mai sheƙi, da tabo a gefe ɗaya. Ɗaya ta zauna kurmi, ɗaya ta zauna dajinmu ta saba da fari da gobara. In ka yanka agwaluma a kwance za ka ga gurbin ƙwallo biyar sun jeru kamar tauraro.

Baban_Iro:
To ka gani. 'Yar'uwarta na ƙofar gida. Taɓo da farkon damina ai ba abin rainawa ba ne, ga man kaɗe a kai.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan Maraɗi ruwan shekara wajen milimita 500 ne, ko tunaninta ba mu yi. Daga Kano take zo muna, ta Jibiya, sai ta iso ta yi tsada ƙwarai. Amma ina so in ce wa mai garkar nan kada ya karaya. Kakanninmu ba su san mangwaro ba, daga Indiya asalinsa, yau ga shi a kowace fadama. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Malamin_Gandu:
Da gyara kaɗan, Dan_Maradi. Mangwaro tun a ƙasarsa ya saba da rani mai tsawo, har ma yana buƙatarsa kafin ya yi fure. Shi ya sa ya karɓi ƙasarmu. Agwaluma ranin da ta sani gajere ne, kuma ko a cikinsa iskar kurmi ba ta bushewa irin tamu.

Uwargida_Tudunwada:
Ku bar ni in karkata kaɗan. Duk cikin da na yi, in ya faɗo lokacin sanyi, agwaluma ce abincina. Laulayi ya hana ni komai, ko ƙamshin miya ba na so, amma in na tsotsi guda biyu sai zuciyata ta kwanta, yawun ma ya tsaya. Surukata kuwa ta dage wai tana sa wa jariri yauƙi a jiki, wata kuma ta ce tana sauƙaƙa haihuwa. Wanne ne gaskiya?

Nas_Binta:
Yaya, ina aikin awon ciki. Ba ta sa wa jariri komai, farin maiƙon da ake haifar yaro da shi halitta ce, ko uwa ta sha ko ba ta sha ba. Maganar sauƙaƙa haihuwa ma kada a dogara da ita a fasa zuwa asibiti. Abin da ke tabbas, tana da bitamin C sosai, kuma tsami yakan rage tashin zuciya ga mata da yawa. A wanke ta da kyau tunda daga ƙasa ake tsintarta, a buɗe a duba ciki kafin a kai baki. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ta rage, musamman in ba ta ci komai ba. Sannan don Allah a kula da ƙananan yara da ƙwallon, yana da santsi, yana iya shaƙe su.

Abu ɗaya kuma: ana yawo da saƙo a WhatsApp wai tana warkar da ciwon suga. Mai suga zai iya shan ɗaya ko biyu, amma kada ya ajiye maganinsa.

Uwargida_Tudunwada:
Na gode ƙanwata, Allah ya biya.

Sadiya_Gwale:
Ba wanda ya yi maganar cingam! Mu a firamare saboda shi muke saye. Ka shanye, sai ka bi cikin ɓawon da haƙori ka kankaro naman, ka yi ta tauna a hankali ba ka haɗiyewa. Can sai ka ji ya haɗe ya zama danƙo. Wadda ta iya har ƙas-ƙas take yi da shi. Ƙwallayen kuma mu wanke mu tara a gwangwani, da su muka koyi lissafi a aji ɗaya.

Malamin_Gandu:
Sadiya, hankalinku ya kai inda na masu masana'anta ya kai. Cingam na farko da aka yi kasuwancinsa sosai a Amurka da danƙon wata bishiya ake yin sa, sapodila, ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta. Ita ma wannan dangin ce.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan alasa ake ce mata, lokacinta ɗaya da naku. Tunda ana kukan tsami, bari in kawo wata 'yar'uwarta da ban ji an ambata ba. Wata 'yar bishiya ce, ba ta da tsawo, 'ya'yanta ja ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa mai tsawo. Asantawa asaa suke ce mata, mutanen Ga kuma taami. Ita kanta kusan ba ta da ɗanɗano. Amma ka tsotse ta ka juya a harshe minti ɗaya, sai ka ɗauki lemun tsami ka sha: wallahi kamar an zuba masa suga. Haka alasa mafi tsami za ta koma zuma. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya kafin harshe ya dawo daidai. Tsofaffi da ita suke cin dokunu, wato tuwon ƙullun masara da ake naɗewa a ganye, in ya yi tsami.

Baban_Iro:
Anya Alhaji? Wannan kamar tatsuniya.

Sabo_Shagamu:
Baba, gaskiya ne, na sha da bakina. Agbayun Yarbawa suke kiranta. Tana nan a bayan gidaje.

Malamin_Gandu:
Tabbas akwai ta, Synsepalum dulcificum, ita ma dangin kaɗanya da agwaluma. Wani Bafaranshe matafiyi, des Marchais, ya ga mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suna tauna ta kafin cin abinci tun 1725. A 1968 masana suka ware sinadarin da ke cikinta, mirakulin. Yana manne wa wuraren da harshe ke jin zaƙi, ya yi shiru, sai tsami ya taɓa shi sannan ya motsa su. Tsamin yana nan a cikin abin, harshe ne kawai ya ji zaƙi, don haka mai gyambon ciki kada ya ce ya samu hanyar shan lemun tsami goma.

Malam Manomi, wannan ma ta fi sauƙin reno a wurinka, don ana iya girka ta a babban bokiti a inuwa, ta yi 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Sai dai tana son ƙasa mai tsami, ba ta shiri da toka ko ƙasa mai kanwa.

Kagoro_Hills:
Mu dawo kan tambayar farko. An ce ba a gani a Arewa ba, to Arewa faɗi gare ta. Kudancin Kaduna ruwanmu ya kusa ninka na Kano, kuma ku duba sunayen garuruwa: Kurmin Musa, Kurmin Jibrin, ga ƙaramar hukumar Kurmi a Taraba. Ba banza aka sa sunan ba, akwai kwakwar manja, akwai atili. A gidan kawuna akwai agwaluma guda da ya kawo daga kudu yana aikin jirgin ƙasa. Tana bakin rafi, tana yin 'ya'ya, ba kowace shekara da yawa ba, kuma ƙanana ne. Sai da ta haura shekara goma kafin ta fara.

Manomin_Kadawa:
Shekara goma! Kagoro_Hills ka faranta min kuma ka sanyaya min jiki. Hajiya ta haura saba'in da biyar.

Malam_Na_Zaure:
Rai na hannun Allah, Malam. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Ka dasa da niyyar ladan ya kai gare ta. Ko ganyen kawai ta gani ta shafa, ka yi abin da ɗa yake yi.

Malamin_Gandu:
Shekarun ma ana rage su. Wadda aka shuka daga ƙwallo ce ke daɗewa, kuma ba ka da tabbacin za ta gaji zaƙin uwarta. In aka yi mata aure da reshen bishiyar da ta riga ta fara haihuwa, kamar yadda muke yi wa mangwaro, takan fara da wuri kuma ba ta yin tsawo sosai. Sai dai danƙon nan yana wahalar da aure, ba kowane hannu yake kamawa ba. A Badun akwai cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FRIN, da ta binciken kayan lambu, NIHORT. In kana da mai zuwa, ya tambaya ko suna da dashe mai aure.

Dan_Yanlemo:
Ni har yanzu ina kan bakata, ban ga ta Kano ba. Amma ranar da ta yi, Malam, ka kawo min ko guda biyar ne in ɗora a kan tebur in nuna wa 'yan kasuwa.

Maman_Ilham:
Wata tambayar: me ya sa ake cewa in ruwan farko ya sauka a kudu sai ta fi zaƙi? Wasu kuma sun ce daga nan tsutsa ke shiga.

Sabo_Shagamu:
Duka biyun ana faɗa a nan, Hajiya. Ni abin da na lura, lokacin da ruwan farko ke zuwa, wajen Maris, ta riga ta daɗe a sama ta nuna sosai, ƙudan da ke huda ta ma sun yi yawa.

Manomin_Kadawa, gidan kakanka ta wane ɓangare yake a Sabo, unguwar Hausawa ta nan Shagamu? Tsofaffin bishiyoyin yawanci an sare an yi gini, amma akwai biyu da na sani a hanyar gonakin goro, ɗaya mai zaƙi ce ƙwarai. Duk sati muna lodin goro zuwa Kano. Zan iya sa yara su tsinto wadda ta faɗo da asubar ranar lodi, in naɗe ta a ganyen goro in sa a saman huhu, ko goma ne, wataƙila rabi su kai lafiya. Tsiron da ke fitowa a gindinta ma zan haƙo maka da ƙasarsa.

Manomin_Kadawa:
Allahu akbar. Yanzu na karanta wa Hajiya saƙonka, ta yi shiru, sannan ta ce in tambaye ka ko har yanzu ana jiƙa ganyen kafin a naɗe goro, ta ce aikinta ke nan tana yarinya. Unguwar kuma ta ce kusa da masallacin Juma'a ne, amma ta bar garin tun kafin yaƙin basasa. Zan turo maka lambata ta akwatin sirri. Gobe in sha Allahu zan fara kafa rumfar a tsakiyar ayaba.

Malamin_Gandu:
Sabo_Shagamu, in za ka haƙo tsiron ka zaɓi ƙanana masu ganye biyu zuwa huɗu, ka zurfafa wuƙa, saiwar tsakiya in ta katse shi ke nan. Kuma da ni ne, 'ya'yan a turo yanzu, tsiron a bari sai ruwa ya zauna a Kano cikin Yuni.

Baban_Iro:
In za a yi ramin, a yi biyu. Ni zan kawo kanya.